Abin da ƙera ƙaramin jirgin DH.9A ya koya mini

A ranar 1 ga Nuwamba 1925 wasu jiragen sama guda uku na sojin saman Birtaniya suka sauka a Kano. Daga Helwan suka taso, kusa da Alƙahira, suka ratso ta Khartum da El Fasher da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Samfurinsu shi ne DH.9A, jirgin yaƙi mai fikafikai hawa biyu da mazaunin mutum biyu, wanda ya fara tashi a 1918, dab da ƙarewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Labarin saukar ya shahara, amma in ka tambayi mutum yadda jirgin yake, sai ya yi shiru.

Ni malamin zanen fasaha ne a wata sakandare a nan cikin Katsina, kuma darasin da ya fi ba ɗalibaina wahala shi ne na ma'auni, wato yadda ake rage babban abu ya koma ƙarami ba tare da wata gaɓa tasa ta fi 'yar'uwarta raguwa ba. Yaran nan ba baƙin ƙira ba ne. Da yawansu sun yi motar kara da ta gwangwani tun kafin su iya rubuta sunansu, kuma hannunsu na da kyau. Abin da babu shi ne awo. Shi ya sa na ƙudurta in ƙera jirgin nan a gabansu, kaɗan-kaɗan, da ma'aunin 1 cikin 32. A wasu ƙasashe kwali ake saya, da dukkan sassan jirgi na roba a ciki, sai haɗawa kawai. Mu a nan babu wannan a kasuwa, don haka komai daga tushe aka fara: zanen jirgin da tsofaffin hotunansa da na samo a intanet, guntayen katako, tsinken tsire, wayar kofa (wato ta jan ƙarfe), reza, sanfefa da gam.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A wannan aiki mudun ake bukata tukuna. Faɗin fikafikan DH.9A mita 14 ne, tsawon jikinsa kuma ya ɗan haura mita 9. In ka raba da 32, fikafikai za su koma santimita 44 saura kaɗan, jiki kuma santimita 29. Wannan lissafi kowane ɗalibi zai yi shi cikin minti guda. Abin da ba ya shiga kai da wuri shi ne komawar lissafin baya: milimita ɗaya da ka ƙara a kan tebur, a jirgin gaske ya haura santimita uku. Sandar da ke tsakanin fikafikai in ta fi ƙa'ida kauri da milimita biyu, to a jirgin gaske ka sa gungume ne a inda ya kamata a ga siririyar sanda. Ranar da na sa ɗalibai suka riƙa ninka kaurin kowane abu da 32 suna faɗin sakamakon da ƙarfi, ranar ce na ga darasin ya zauna musu fiye da duk bayanin da na taɓa yi a allo.

Amma babban abin da aikin ya koya mini ba awo ba ne. Shi ne cewa ba za ka iya ƙera wani sashe daidai ba sai ka san aikin da yake yi. Zane yana nuna maka inda layi ya bi, ba ya gaya maka dalili, kuma wanda bai san dalili ba, duk inda zane ya dushe sai ya cike gurbin da son ransa.

A kan wayoyin fikafikai na fi ganin wannan. Wanda ya kalli hoton jirgin zai ga wayoyi sun sarƙe tsakanin fiffiken sama da na ƙasa, ya ɗauka ado ne ko tsoron kada wani abu ya faɗi. Alhali kowace tana da nata kaya. Akwai waɗanda ke tashi daga ƙasa ta wajen jikin jirgi su nufi sama ta waje. Su ne ke riƙe fikafikai sa'ad da iska ke ɗaga su a sararin sama, nauyin jirgin duka a kansu yake rataye. Akwai kuma masu saɓa musu, daga sama ta ciki zuwa ƙasa ta waje, waɗanda ke hana fikafikai zubewa in jirgi yana ƙasa ko ya dira da ƙarfi. Sai waɗanda ke fitowa daga wurin matuƙi zuwa jela da bakin fikafikai, su ba riƙo suke yi ba, da su ake juya jirgin. Da zarar ka rarrabe waɗannan uku, sarƙaƙiyar ta warware, ba ka ƙara bukatar ƙirga layuka a hoto. Da zaren fatsa mafi siranta na yi su, domin wayar da kaurinta ya kai milimita 5 a jirgin gaske ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita a nawa ba. Ana zura shi ta ƙaramin rami, a ja, a ɗiga gam da bakin allura, a jira ya kama kafin a taɓa na gaba. Aiki ne da ba ya son hira, kuma shi kaɗai ne ban yi a gaban aji ba.

Kafin wayoyi akwai zaman fikafikan kansu. Na sama ya ɗan gota na ƙasa zuwa gaba, dukansu kuma sun ɗan ɗago daga jiki zuwa baki, wanda shi ke taimakon jirgi ya koma daidai in iska ta karkatar da shi. Sanduna takwas ne tsakanin fikafikan, huɗu a kowane gefe, ban da gajeru huɗu da ke kan jikin jirgi. Hannu biyu ba za su riƙe wannan duka ba har gam ya bushe. Sai da na fara yanka wani mazauni na kwali mai kauri, da tsaga a daidai inda kowane fiffike zai shiga, sannan na jera sandunan. Wannan kwalin ya ci lokaci kusan kamar fiffike guda, kuma ba wanda zai gan shi a jikin jirgin da aka gama. Ina gaya wa ɗalibai cewa masana'antu ma haka suke yi, sai sun ƙera abin riƙe aiki kafin su ƙera aikin.

Jirgin nan ba da ƙarfe aka lulluɓe shi ba. Ƙashinsa katako ne, fatarsa yadin lilin ne da ake ɗinkewa a jikin haƙarƙarin fiffike, sannan a shafa masa wani magani da ke sa shi ya ɗaure tamau kamar fatar kalangu, ya kuma hana ruwa shiga. Mutum zai ce ai sai a nemi yadi mai laushi a lulluɓe ƙaramin da shi. Ba ya yiwuwa. Zaren yadi mafi kyau a kasuwa, in ka ninka shi sau 32, igiya ce. Takarda shara-shara da ruwan gam ta fi yadi kama da yadi a wannan ma'auni, domin tana shan ruwa ta saki, in ta bushe ta ja, haƙarƙarin ya ɗan bayyana a ƙarƙashinta yadda yake a hotuna. A nan ne idon da na ce a ajiye da farko yake dawowa. Lissafi ya gaya maka girman abu, amma ido ne zai gaya maka ko ya yi kama.

Farfela kuwa ba a aji na koye ta ba. Akwai wani dattijon kafinta a wajen Ƙofar Marusa da nake karɓar guntayen katako a wurinsa. Na nuna masa hoton, na yi masa bayanin cewa ta gaske ba daga itace guda ake sassaƙa ta ba, falle-fallen katako ake mannawa sannan a fafe. Ya juya hoton ya ce, "Malam, ai dole. Itace guda in ya ji rani zai murɗe, amma in ka haɗa falle da falle, wannan na ja wancan na riƙewa." Na ce, "Baba, to ƙaramar fa?" Ya ce, "Ita ma haka za ka yi mata, ka bi jijiyar itacen, kada ka gitta ta." Ya zaɓo mini maɗaci da farin katako, ya ce in bar su a ɗakin da zan yi aikin su saba da iskarsa kafin in sa musu reza. Bai taɓa karanta komai a kan jirgin sama ba, amma dalilin da ya bayar shi ne dalilin masu ƙera farfelar. Abin da na ƙara daga karatu shi ne murɗewar ganyenta: kusa da cibiya ya fi karkata, yana miƙewa zuwa baki, domin baki ya fi gudu a kowane zagaye.

Sauran sassa sun zo da sauƙi. Tayoyi daga zoben roba na masu gyaran famfo, bututun hayaƙi daga wayar kofa, igiyar roba da ke rage jijjigar sauka daga zaren ɗinki da aka naɗa a gindin ƙafafu. Jirgin ba shi da birki, ba shi da tayar baya, sai wata 'yar sanda a ƙarƙashin jela da ke jan ƙasa.

Wurin fenti ne wata tambaya ta taso: wane DH.9A nake yi? Na lokacin yaƙi a Faransa launin ƙasa-ƙasa mai duhu ne a sama. Waɗanda suka yi aiki a ƙasashe masu zafi a shekarun 1920 ruwan azurfa ne, domin garin alminiyon da ke cikin maganin yana mayar da hasken rana, yadi ya daɗe bai ruɓe ba. Injinsa Liberty ne ƙirar Amurka, mai silinda 12 da ƙarfin doki 400, da ruwa yake hucewa, kuma lagireton da ya ishe shi a Turai bai ishe shi a hamada ba, sai aka riƙa ƙara masa wani a ƙarƙashin hanci. A hotuna da yawa har tayar safiya za ka gani ɗaure a jikinsa, don in ta fashe a daji babu mai kawo wata. Wannan siffa na zaɓa, ita ce ta kusa da mu. Tambarin da ke fikafikai kuma ya zama darasin kamfas, abin zana da'ira: da'irori uku ne, ja a tsakiya, fari, sannan shuɗi a waje, faɗinsu bisa ma'aunin 1 da 3 da 5. Yin fentin azurfa a hunturun Katsina sai da dabara, don ƙura ɗaya ba ta ɓuya a kansa. Da sassafe nake yi, bayan na yayyafa wa ɗaki ruwa, in na gama in kife kwali a kai. Ban cika masa datti ba kuma, ɗan baƙin hayaƙi a bayan bututu da ƙura a tayoyi sun isa, domin jirgin da rayuka ke kansa ana goge shi ana duba shi kullum.

Sai bindigogi. Akwai Vickers guda a gefen hagu ta gaba, wadda ke harbi ta tsakanin ganyen farfela da taimakon na'urar da ke daidaita harbin da juyawar injin, akwai kuma Lewis a kan wani zobe mai juyawa a mazaunin baya, ga maratayan bama-bamai a ƙarƙashi. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ba za a bar su ba? Ya fi kyau haka." Na fahimce ta, domin ni ma jirgin ya shiga raina. Amma tambayar da na yi wa kowace waya da kowace sanda, wato mene ne aikinki, dole in yi wa jirgin gaba ɗaya. An ƙera shi don jefa bam ne. Daga 1922 Birtaniya ta damƙa tsaron Iraƙi a hannun sojin samanta, kuma irin wannan jirgi na cikin waɗanda aka yi amfani da su wajen kai hari kan ƙauyukan da suka ƙi bin umarnin mulkin mallaka. Zuwansa Kano ma ba yawon buɗe ido ba ne, gwajin hanya ce tsakanin yankunan da Turawa ke mulka, kuma hanyar ta yi musu rana a Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka riƙa haɗa jirage a Takoradi ana bi da su ta Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Masar. Na sa bindigogin, na kuma ba da darasi guda cur a kan wannan, ba tare da an taɓa rula ba.

Yanzu jirgin yana cikin akwatin gilashi a ɗakin zane. A zangon da muke ciki kowane rukuni na ɗalibai yana auna sashe guda nasa, ya ninka da 32, ya zana shi ta gaba da ta gefe da ta sama, sannan ya rubuta aikin da sashen ke yi a ƙasan zanen. Rukunin da ya fi ƙwazo ya nemi in bar su su ƙera nasu fiffiken da hannunsu, kuma Baba ya riga ya ware musu katako.