Abin da Na Koya a Ɗakin Tantance Tsofaffin Bindigogi

A ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a gidan gwanjon da na yi shekara bakwai ina tantance tsofaffin bindigogin farauta a Amurka, kuma duk yawan waɗanda suka bi ta hannuna, guda ɗaya ce har yau take tsaya mini a rai.

Mai baki biyu ce, magada suka kawo ta cikin kayan mahaifinsu, an zana W. Richards a gefen ƙarfenta. A lokacin ban cika shekara biyu da kama aiki ba. Na ɗauko ta zan cire katakon da ke ƙarƙashin bututun, in raba ta biyu domin in duba hatiman gwaji, sai shugaban sashenmu ya tsaya a kaina ya ce kundin kaya zai tafi ɗab'i kafin yamma, suna kuma ga shi a fili, in rubuta Westley Richards, fitaccen kamfanin ƙera bindigogi na Birmingham a Ingila, in ɗauki ta gaba. Zuciyata ba ta kwanta ba, domin zanen da ke jikinta bai yi zurfi ba, katakon kuma bai zauna daram a kan ƙarfen ba, amma na rubuta na sa hannu. Bayan mako uku wanda ya saye ta da tsada ya dawo da ita. Mai gyaran da ya kai wa ya raba ta, ya nuna masa haruffan ELG cikin ɗan da'ira mai siffar ƙwai a ƙasan bututun, wato hatimin gidan gwajin bindigogi na Liège a Beljiyam. Irin su ne maƙeran can suka riƙa turowa Amurka da araha a ƙarshen ƙarni na 19, ɗauke da sunaye masu kama da na fitattun maƙeran Ingila.

A taron da aka kira, shugaban ya ɗaga katin ya nuna sa hannuna, bai ambaci ko kalma ɗaya daga umarnin da ya ba ni ba. Aka hana ni sa hannu a kan kowane kati har wata shida. Laifina ban musanta ba, tunda hannuna ne ya rubuta, kuma buɗe ta ba zai ci minti biyu ba. Abin da ban manta ba shi ne shirun da ya yi.

Cikin watannin nan shida na buɗe littafin da na riƙa tara bayanai a ciki, na kuma fahimci cewa sunan da ke jikin irin waɗannan bindigogi na mai sayarwa ne, maƙerin sai an nemo shi. Kantin Sears ya sayar da su da sunan Ranger, da J.C. Higgins, daga baya kuma Ted Williams. Kantin Montgomery Ward ya yi amfani da sunan Western Field, kantin Western Auto kuma da Revelation. A kayan Sears, lambobi ukun farko na doguwar lambar samfurin da aka buga a jikin bindigar su ne mabuɗin gane maƙerin: 101 na nufin Stevens ko Savage, 103 Marlin, 583 High Standard, 273 kuma Winchester. Da haka mutum zai gane cewa Ted Williams samfuri na 100, wadda doguwar lambarta ta fara da 273, ita ce Winchester 94 da aka sauya wa suna, kamar yadda Revelation 310 take Mossberg 500. Amfanin wannan ya wuce sanya farashi, domin mai neman kayan gyara ba zai same su da sunan kanti ba. Mafi wuya su ne na kamfanin Crescent da ke Norwich a jihar Connecticut, wanda ya ƙera wa dillalai bindigogi da sunaye masu ɗimbin yawa, kowane kantin kayan ƙarfe da nasa. A nan sai an dubi siffar ƙarfen da wurin zaman kusoshi, a gwada da wadda aka riga aka tabbatar.

Kada a dogara da lambar siriyal, tunda kafin dokar bindigogi ta Amurka ta 1968 bindigogin farauta da yawa ba su da ita. Teburan da ake bugawa na daidaita sunan kanti da na maƙeri suna da kurakurai, don haka ƙarfen da ke hannu ya fi takarda. Bututun da aka yi da murɗaɗɗen ƙarfe kuwa, a rubuta a katinsa cewa bai dace da harsashin zamani ba. Wanda kuma aka umarce shi ya tsallake bincike, ya nemi a ba shi umarnin a rubuce.

Daga wancan taro zuwa ranar da na bar aiki, ba a sake dawo da bindigar da na sa wa hannu ba. Shugaban ya nemi in bar wa sashen littafina, ni kuwa na damƙa shi a hannun yarinyar da aka ɗauka bara, wadda na lura tana raba kowace bindiga kafin ta ɗauki alƙalami.