Mako na shida: na zauna da kalmar "boil"

'Yan uwa masu koyon girki daga littattafan Turanci, sannunku da ƙoƙari. Wannan makon kalma ɗaya na riƙe, "boil", kuma ta cinye mini kwana bakwai cif.

A littafin da nake tara kalmomi, "dafa" na rubuta a gabanta tun watan jiya. Na soke. Dafa a wurinmu ta haɗa tuwo da miya da shinkafa, ita ce "cook". "Boil" kuwa tafasa ce, halin da ruwa ke shiga idan zafinsa ya kai digiri 100 a ma'aunin Salsiyas.

Farfesun kaza ne ya nuna mini bambancin. An rubuta "bring to the boil, then simmer", ni kuma na bar wuta tana ci har ƙarshe. Romo ya ƙafe, ƙirjin kazar ya bushe kamar igiya, abin ya ɓata mini rai sosai don baƙi na yi wa. Ashe umarni biyu ne: a kai shi ga tafasa, sannan a rage wuta ya koma "simmer", inda 'yan ƙananan kumfa ke tasowa jifa-jifa, wajen digiri 85 zuwa 95. Abin da iyayenmu ke yi ke nan idan suka janye itace daga murhu suka bar tukunya a kan garwashi. Da na sake gwadawa ranar Alhamis, naman ya yi laushi, romo ya tsaya. "Rolling boil" kuma ita ce tafarfasar da ba ta lafawa ko an juya da ludayi, irin wadda taliya ke so. Mutanen Ingila kan ce "to the boil", na Amurka "to a boil". Abu ɗaya ne.

Ƙanwata da ke aure a Jos ta daɗe tana kukan wake ba ya saurin nuna mata. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, don haka ruwa kan tafasa tun wajen digiri 96, zafinsa bai kai 100 ba, shi ya sa waken ke daɗewa kafin ya nuna.

Na kuma gwada ƙwai da agogo a hannu. Minti 6, gwaiduwa ruwa-ruwa, shi ne "soft-boiled". Minti 10 zuwa 12, ta daskare, "hard-boiled". Wanda na manta a wuta, gefen gwaiduwarsa ya yi kore-kore.

"Parboil" tafasa ɗaya ce da muke yi wa shinkafa kafin a tace. Asalinta a tsohon Faransanci tana nufin a tafasa sosai, sai Turawa suka ji kamar "part" a farkonta, ma'anar ta juye.

Bayan kicin ma kalmar tana aiki. "Boil over" kunu ne ya taso ya zube, haka suke cewa idan rigima ta ɓarke. Idan Bature ya ce jininsa na tafasa, mu zuciya muke cewa tana tafarfasa. Sai "a boil", wanda ba shi da haɗi da tukunya: maruru ne.

Mako mai zuwa "fry" zan ɗauka, ina son in ga inda za ta ajiye soya da toya. Wadda ta riga ni gwadawa ta faɗa mini abin da ta gano.