Daga Kan Dala Nake Fara Aiki

Sana'ata zagayawa da baƙi su ga gari. Ɗan ofis gare ni a cikin birnin Kano, da bas ɗaya da yara uku da nake koya wa aikin. Yawancin masu zuwa 'yan makaranta ne, sai lokacin Sallah baƙin nesa su ƙaru saboda Hawan Daushe. Ko waye ya zo, Dutsen Dala nake fara kai shi, da sanyin safiya. Da hunturu kuwa mukan ɗan jinkirta, don hazo kan lulluɓe garin baki ɗaya.

Akwai masu cewa a wuce da su Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, kawai, hawa da wuya. Nakan ce, "Hajiya, a daure, za mu riƙa hutawa a matakala." Wanda bai tsaya a saman nan ba, sunaye kawai zai haddace. A nan Kano ta fara. Tun wajen ƙarni na 7 ake narka tama a gindin dutsen, kuma Abagayawa na cewa kakansu maƙeri ne mai suna Kano, da ya taso daga Gaya neman tama. A nan Barbushe, shugaban bautar mutanen Dala, yake hawa sau ɗaya a shekara ya gana da abin bautarsu Tsumburbura, ya sauko ya faɗa wa jama'a abin da zai faru. Nakan faɗi wannan yadda aka ruwaito shi, ba na ƙari don a ji daɗi, kuma na hana yarana yi.

Daga nan sai in fara nuni da hannu. Ga Goron Dutse can yamma. Ga fada, wadda Muhammadu Rumfa ya gina a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, ga rumfunan kasuwar Kurmi, ita ma tasa ce. Bagauda, sarkin Kano na farko, ya zo a 999, Sarki Gijimasu ya fara ganuwa. Barth, Bajamushen nan da ya zo a 1851, shi ma daga kan Dala ya kalli birnin.

Ganuwar ce ke ci mini rai. Lokacin da na fara aikin nan ina iya bin ta da yatsa daga ƙofa zuwa ƙofa. Yanzu wani wuri an kwashe ƙasar an yi gini, wani wuri shaguna sun hau kanta. Kwanaki wani yaro ɗan firamare ya ce, "Baba, ina badalar take?" Na daɗe ina dube-dube kafin na samo guntun da zan nuna masa.

In mun sauko mukan biya marinar Ƙofar Mata, su ga baba a rami, kowa ya sayi ɗan ƙyalle. Kafin azahar mun kai Gidan Makama, kuma a lokacin tambayoyinsu sun fi na safe yawa.