Yinin da Na Ɓata a Verdun Ina Neman Kabari Ba Tare da Shiri Ba

A gidanmu da ke Damagaram, tun muna yara ake ba mu labarin wani ƙanen kakan mahaifina wanda Nasara suka ɗauka soja a zamanin yaƙin Jamus na farko, wato Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya tafi kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da tsofaffi suka riƙe bai wuce sunansa da sunan mahaifinsa ba, sai kalmar Verdun, sunan wani gari a Faransa inda aka gwabza babban yaƙi tsakanin Faransawa da Jamusawa, wadda wani tsohon soja ya ambata musu shekaru da dama bayan tafiyarsa. Saboda haka, da aiki ya kai ni Paris a wani watan Nuwamba kuma na sami hutun yini ɗaya, ban yi wata-wata ba na yanki tikitin jirgin ƙasa zuwa Verdun, ina ganin wanda ya shafe shekaru yana koyar da tarihin wannan yaƙi ba ya buƙatar wani shiri na musamman. Wannan zato shi ne ya cinye mini yinin nan gaba ɗaya, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Tun da hantsi na fara ganin alamar sakacina, domin fagen yaƙin ba a cikin gari yake ba. Yana can bisa tuddai a gabashin kogin Meuse, kuma tashar jirgi mai sauri ita ma tana da tazarar kusan rabin awa a mota daga garin, don haka kafin in hau bas, in sauka, in sami tasi da za ta haura da ni Douaumont, inda babbar maƙabartar sojoji take, ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. A wannan yanayi kuwa rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe biyar.

Alƙaluman duk na san su da ka. Jamusawa ƙarƙashin Janar Falkenhayn sun buɗe wuta da igwa fiye da 1,000 a safiyar 21 ga Fabrairun 1916, aka yi ta gwabzawa har 18 ga Disamba, kimanin kwana 300, kuma waɗanda aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace a ɓangarorin biyu sun kai wajen 700,000. Abin da littafi bai shirya ni in gani ba shi ne ƙasar kanta. Daji ya rufe ta, amma a ƙarƙashin itatuwan babu taku goma na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Rami ne yana bin rami, kowanne wurin da harsashin igwa ya fashe fiye da shekara ɗari da suka wuce. Direban ya tsaya mini a Fleury, ƙauyen da ke da mutum kimanin 400 kafin yaƙi, wanda ya sauya hannu sau 16 tsakanin rundunonin biyu, yanzu kuwa ba abin da ya rage sai ƙananan alamu da ke nuna inda gidan manomi ko shagon mai burodi yake a da. Ban yi ko minti ashirin a wurin ba, domin hankalina yana kan maƙabarta, kuma wannan gaggawa ma tana cikin abin da nake nadama.

Maƙabartar Douaumont tana ɗauke da kabari fiye da 16,000, kuma a wani sashe nata akwai kaburburan Musulmi 592 waɗanda aka fuskantar da su alƙibla. A kan kowane dutse akwai jinjirin wata da tauraro, da rubutun Larabci mai cewa wannan kabarin marigayi ne, sannan ɗan allo mai ɗauke da suna da bataliya da ranar rasuwa. Da na ga haka sai zuciyata ta yi sanyi, na karanta Fatiha, na ce a raina ai 592 ba wani yawa ba ne, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Haka na yi, layi bayan layi, ina sunkuyawa cikin yayyafi da sanyin da ya sa yatsuna suka kasa riƙe biro, na kwashe kusan awa huɗu. Mafi yawan sunayen na mutanen Aljeriya ne da Maroko da Tunisiya. Inda na ci karo da sunan da ya yi kama da namu na Afirka ta Yamma kuwa, babu hanyar da zan gane ko mai shi daga Damagaram yake ko daga Segu ko daga Futa, domin allon ba ya faɗin garin haihuwa, kuma Faransawa sun tara duk sojojin da suka kwaso daga yankinmu ƙarƙashin suna ɗaya, wato tirailleurs sénégalais, ma'ana 'yan bindigar Senegal, ko mutum bai taɓa ganin Senegal ba. Ga kuma matsalar rubutu: sunan da muke faɗa iri ɗaya, magatakardan soja na iya rubuta shi ta hanya uku ko huɗu, wani lokaci ma su ɗauki sunan uba su mai da shi na ɗa.

Wani dattijo Bafaranshe da ya daɗe yana kallona daga nesa shi ne ya matso ya tambaye ni cikin ladabi wa nake nema. Da na yi masa bayani, sai ya tambaye ni ko na duba Mémoire des hommes kafin in taso. Wannan rumbun bayanai ne da ma'aikatar tsaron Faransa ta sa a intanet kyauta, mai ɗauke da katin mutum fiye da miliyan ɗaya da suka mutu a wannan yaƙi, kuma katin yana nuna bataliya da lambar soja da wurin da aka ɗauke shi da ranar mutuwa da inda ya mutu. Na san da zamansa, har na taɓa ambata wa ɗalibai shi, amma ban taɓa zama na nemi ɗan'uwana a ciki ba, saboda na riga na yanke hukunci cewa a Verdun yake. Aikin da zan yi a ɗakina cikin dare ɗaya, da shayi a gefena, shi ne na zo ina yi da gwiwoyi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, kuma a wurin da babu amsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne cewa ilimin da zai hana ni wannan kuskure yana cikin kaina. Gaskiya ne sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Verdun, kuma bataliyarsu ta 43 tana cikin waɗanda suka ƙwato sansanin Douaumont daga hannun Jamusawa a ranar 24 ga Oktoban 1916, tare da wasu sojojin Somaliya. Amma inda aka fi zubar da jininsu shi ne wani fagen daban mai suna Chemin des Dames, a farmakin da Janar Nivelle na Faransa ya ƙaddamar a ranar 16 ga Afrilun 1917, inda aka tura su cikin sanyi da ƙanƙara dubbai suka hallaka cikin 'yan kwanaki. Wasu da yawa kuma ciwon huhu ne ya kashe su a sansanonin Fréjus da ke kudu, inda ake kai su zaman hunturu. Ƙari a kan haka, Janar Pétain, wanda ya jagoranci Faransawa a Verdun, ya riƙa sauya rundunoni a kai a kai, har mafi yawan sojojin Faransa suka ratsa ta Verdun, shi ya sa sunan ya zama tamkar sunan yaƙin duka a bakin tsofaffin sojoji. Kalmar da aka gaya wa kakannina ba shaida ba ce, ni kuma na ɗauke ta kamar takardar hatimi.

Da sauran hasken da ya rage na zagaya gidan ƙasusuwa, dogon gini mai hasumiya ta mita 46 wanda aka ƙaddamar a 1932. A gindinsa ta baya akwai ƙananan tagogi, kuma wanda ya sunkuya ya leƙa zai ga tulin ƙasusuwan mutum kimanin 130,000, Faransawa da Jamusawa a gauraye, waɗanda ba a san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Na daɗe a tsugune a nan ina yi musu addu'a, domin na fahimci cewa ko da a wannan fage ɗan'uwana ya faɗi, yana iya kasancewa a bayan wannan gilashi, ba a ƙarƙashin dutse mai suna ba.

Na isa sansanin Vaux na tarar an rufe ƙofa. Shi ne wurin da na fi ɗokin shiga, domin kowace shekara ina ba ɗalibaina labarin Manjo Raynal, kwamandan Faransawa a sansanin, da mutanensa, yadda suka kare dogayen lungunan ƙarƙashin ƙasa a farkon watan Yunin 1916, suna aika saƙo ta tattabara, har ƙishirwa ta tilasta musu miƙa wuya a ranar 7 ga wata. Na tsaya a waje cikin duhu ina kallon bangon kankare. Tuddan Mort-Homme da Côte 304 da ke ƙetaren kogi, inda aka gwabza su ma, kuwa ko hango su ban yi ba. Awa huɗun nan da na zubar a maƙabarta sun ishe ni in shiga Vaux da Douaumont duka.

Duk wanda zai je neman nasa, ina roƙonsa ya fara da katin kafin tikiti. Ya zauna da tsofaffin gidansu ya rubuta sunan ta kowace siga da kunnen Bafaranshe zai iya jinsa, ya haɗa da sunan uba da na gari da na gundumar da ake kai haraji a wancan zamani, ya nemi bataliya da ranar mutuwa, sannan ya san fagen da zai nufa. Idan kuma Verdun ɗin ce, ya ba ta kwana biyu, ya tanadi mota tun daga gari, ya tafi tsakanin Mayu da Satumba lokacin da yini ke da tsawo, kuma kada ya taɓa wani ƙarfe da ya gani a daji, domin har yanzu ana tono harsasan da ba su fashe ba.

Tun da na dawo nake bin katunan da daddare. Na ware guda uku da sunayensu suka yi kusa da namu, na kai wa gwaggona, wadda ita ce babba a gidan yanzu, na karanta mata su ɗaya bayan ɗaya, ta ce in bar mata su tukuna har ta tuntuɓi 'yan'uwanmu na ƙauye don ta tabbatar da sunan uban.