Wane harsashi ya dace da farautar dabbobin fili irin su gwanki da barewa?

Mu mutanen Bauchi mun saba ganin gwanki da kanki a Yankari, inda doka ta hana harbi, saboda haka mai son farautarsu da lasisi yakan nufi Namibiya ko Afirka ta Kudu. Tambayar da abokaina suka fi yi mini ita ce girman harsashin da ya kamata a zaɓa.

A ganina, .30-06 Springfield, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906, ya wadatar daga barewa har jakin dawa, musamman idan an ɗura mai nauyin giren 180 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) da ba ya tarwatsewa in ya haɗu da ƙashin kafaɗa. Haka ma .308 Winchester, kodayake gudunsa ya ɗan gaza.

Masu sha'awar .375 H&H na 1912 suna da hujja, domin yana kayar da ɓauna, amma yana dukan kafaɗar mai harbi da ƙarfi, kuma wanda ya fara tsoron bindigarsa yakan runtse ido kafin ya ja kunama, sai ya raunata dabba ta gudu cikin daji da ciwo.