Wallahin Yaran Oslo

Sanyi ya gama ratsa ni kafin mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Oslo, wanda suke kira T-bane. Ni da 'yar ƙanwata ne, yarinya 'yar shekara 16 da aka haifa a Norway. A Grønland muka hau, za mu gida Stovner, can gabashin gari.

A Tøyen wasu samari huɗu suka shigo da hayaniya. Ba na jin ko "zo in kashe ka" da yaren ƙasar, sai kawai na ji ɗayansu, fari tas mai jan gashi, ya dafa ƙirji ya ce "wallah". Na waiga da sauri, na ɗauka wani na gida ne.

"Kawu, daina kallonsu mana," in ji ta, tana danne dariya.

Ta matso ta yi min fashin baƙi ƙasa-ƙasa. "Sjofe" kallo ne, daga "shuf" na Larabci. "Flus" kuɗi. In ka ji "baosj", 'yan sanda ake nufi. Har jerin kalmomi sukan juya: a daidaitaccen yaren "i går gikk jeg" ake cewa, wato jiya na tafi, su kuwa sai su ce "i går jeg gikk". Abin ya samo tushe tun zuwan ma'aikata daga Pakistan, Turkiyya da Maroko a ƙarshen shekarun 1960, daga baya Somaliyawa da wasu suka biyo. 'Ya'yansu suka tashi a aji ɗaya da 'yan ƙasa, harshe ya cuɗanya. Ana kiran wannan salon magana "kebabnorsk", wato yaren Norway na kebab (gasasshen naman da ake sawa a burodi), sunan da ita ba ta so ko kaɗan. Ta ce raini ne a jingina bakin mutum da nama a burodi.

Ni dai da farko gurɓataccen yare na ɗauke shi, irin na wanda bai ƙware ba. Ana cikin haka wayar mai jan gashin ta yi ƙara. Ya miƙe zaune, murya ta sauya, wallah ta ɓace. 'Yar tawa ta kasa kunne, ta ce da mahaifiyarsa yake magana, kuma ko mai karanta labarai ba zai fi shi tsabtar lafazi ba.

Yana kashe wayar ya zunguri na kusa da shi: "Jalla, bror," wato mu je, ɗan'uwa. Suka sauka a Grorud.