Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Cikina na Uku

Cikina na uku ya zo da damina, muna zaune a bayan garin Zariya kusa da kogin Galma, inda maigida yake noman fadama. Laulayi na san shi, amma wannan daban ne. Ko tsintsiya na ɗauka sai haki, in na miƙe jiri ya ɗebe ni, ga kwaɗayin farar ƙasa da ban taɓa yi ba. Inna, uwar mijina, takan ce, "Yi haƙuri 'yar nan, kowane ciki da irin nasa." Da zuciya ɗaya take faɗa, haka ita ma aka gaya mata.

Ranar awo nas ta ja fatar idona ƙasa, ta juya tafin hannuna, fari fat. Aka ɗebi jini, aka ba ni 'yar kwalba in kawo bayan gida. Da sakamako ya fito ta ce, "Baiwar Allah, ma'aunin jinin mai ciki bai kamata ya gaza 11 ba, naki ya yi ƙasa sosai. Kina yawo ba takalmi?"

Ina kuwa yi, kullum in na kai abinci gona, don laka tana cinye silifas. A nan ta bayyana min cewa tsutsar ciki mai shan jini ce take damuna, ƙwanta yana fita ne a bayan gidan mai ɗauke da ita. In aka yi a fili, sai ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai danshi, 'ya'yan su huda fatar ƙafa, su bi jini zuwa huhu, su gangara hanji su kafa baki suna zuƙa. Na tuna ƙaiƙayin da ya addabe ni tsakanin yatsu, muna ce masa cin ruwa. Jinin da ni da ɗan cikina muke rabawa, ashe da na uku a kai.

Da yake cikin ya haura wata 3, aka ba ni maganin tsutsar ciki mai suna albendazole, ƙwaya ɗaya mai miligiram 400. Kafin nan ba a bayarwa. Sai ƙwayoyin ƙarin jini kullum, da gargaɗin kada in kora su da shayi, kada kuma in tsorata in bayan gida ya yi baƙi. Inna da kanta ta shiga dafa min zogale da wake, ranar kasuwa maigida ya zo da hanta da takalmin roba.

Har yau raina yana ɓaci in na ji an ce wa mai ciki ragwanci ne. Mace da jininta ya yi ƙasa, zubar jini kaɗan wajen haihuwa tana iya kai ta lahira.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan kawo muku daren da naƙuda ta kama ni ana tsuga ruwa.